Wa ya taɓa ganin wanda zaƙami ya kama?

Ɗan Adar: Salamu alaikum ƴan uwa. Daren Asabar a fadarmu ta samari nan Tawa wani yaro ya zuba ƴaƴan zaƙami a barradun shayi, wai wasa. Ƙanena ya sha. Kafin awa guda bakinsa ya bushe ƙamas, ya dinga tsintar abin da babu a kan tabarma, yana hira da kakarmu da ta rasu shekara 4 da suka wuce. Kwana biyu muna riƙonsa. Ya dawo hayyacinsa, amma mu yake tambaya abin da ya faru.

Gwaggo ta Ƙonni: Ɗana, Allah ya ƙara sauƙi. Ba banza aka sa wa zaƙami suna haukata-yaro ba. Jikana ɗan shekara 5 ya ɓare ƙwallon nan mai ƙaya a juji bayan gida. Jiki ya yi zafi rau, ko ɗigon gumi babu. Muka ce iskoki ne, muka ɓata yini guda da hayaƙi, sai dare aka kai shi likita. Har yau in na ga farin furen nan mai kamar kakaki, tumɓuke shi nake.

Majo (ma'aikacin lafiya): Gwaggo, alamun ke nan. Ganye, fure da iri duk suna ɗauke da sinadarai biyu, atirofin da sikofolamin. Su ke buɗe ƙwayar ido, su sa zuciya gudu, su riƙe fitsari da gumi. A zafin Afrilu wannan kaɗai na iya kisa. Na taɓa sa wa wani saurayi robar fitsari kafin fitsarinsa ya fito. Kada a ɗura wa mutum nono ko manja, shaƙewa zai yi. A kai shi likita, a tafi da reshen abin da ya ci.

Tsohon ɗan fada: Ni na sha da gangan, sau ɗaya. Na san wiwi, na san tiramol, wannan ba layinsu ɗaya ba, babu daɗi ko kaɗan. An ce na kwana ina zuƙar sigarin da babu, ina neman faɗawa rijiya. Da bakin mutane na san wannan daren.

Mai albasa, Galmi: To ni atirofin ɗin nan ne ya tashe ni. Na yi feshin maganin ƙwari ba takunkumi, na faɗi a gona, yawu na zuba. Allurarsa aka yi ta yi min.

Gwaggo ta Ƙonni: Majo, mahaifinmu kuwa busasshen ganyen yake shaƙar hayaƙinsa in fuka ta taso.

Majo: Yana buɗe hanyar numfashi, Gwaggo, gaskiya ne. Akwai ma maganin shaƙa na fuka, ifiratirofiyom, da aka samo daga atirofin, haka Buscopan na murɗar ciki daga sikofolamin yake. Sai dai na farmasi an auna shi da miligiram. Tsiro biyu a juji ɗaya ƙarfinsu na iya bambanta nesa, ba mai ganewa da ido.

Ɗan Adar: Na gode. Majo, ƙanen nawa tela ne, yau kwana 4 ya kasa zura zare a allura. Idon zai washe?

Majo: Ido shi ke daɗewa, wani har mako. In ya wuce haka, ko ya fara ciwo da ja, kawo shi a duba.