Karya ta haihu a kangon bayan gidanmu, a ba ni shawara

Maman Sadiƙ: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya hana ni sukuni tun shekaranjiya. Wata karya ce ta haihu a kangon da ke bayan gidanmu, 'ya'ya shida, ɗaya ya riga ya mutu. Ba ta da mai ita. Haƙarƙarinta duk a waje, ƙudaje sun cinye mata gefen kunne. Yaran layi sun gano wurin, da an taso daga islamiyya sai jifa. Jiya na tura mata ƙanzo da ruwa a tsohon kwano, sai da ta shanye ruwan tas kafin ta ko kalli abincin. Maigida ya ce in ciyar da ita, amma kada ta shigo masa gida. Akwai inda ake karɓar irinsu a nan Zariya?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Allah ya saka. Abu na farko dai a raba yaran nan da wurin. Karya mai shayarwa ba ta da wasa. Bayan magariba zan yi wa iyayensu magana a masallaci.

Hajiya Talatu: Maman Sadiƙ, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ɗan ƙanena shekararsa 9 kare ya cije shi a ƙauri, ɗan ciwo ƙarami. Aka shafa masa magani aka manta. Bayan wata biyu ya fara zazzaɓi, in an miƙa masa ruwa sai ya firgita, maƙogwaronsa ya shaƙe. Kwana huɗu ya yi. Tun daga ranar ba na son jin an ce kare a kusa da yara. Ba na ce ki kore ta ba, amma don Allah kada tausayi ya sa ki sakaci.

Maman Sadiƙ: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, Hajiya, ya sa mai ceto ne. Wallahi na ji maganarki.

Dakta Hauwa: Allah ya jiƙansa. Abin da Hajiya ta ba da labari shi ne ciwon haukan kare, kuma da zarar alamunsa sun bayyana babu magani. Amma kafin su bayyana ana iya tare shi. Duk wanda kare ya ciza ko ya yagushe, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, kada a ɗaure, a wuce asibiti a ranar a fara allura. Ba ɗaya ba ce, a jere ake yi, kuma sai an kammala. In an san karen a tsare shi kwana 10 ana lura da shi, amma ba a jiran kwanakin su cika kafin a fara allurar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da ciwon nan duk shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kuma yara ne kaso mai yawa.

Game da karyar, Maman Sadiƙ, kada ki taɓa ta da hannu, kada ki ɗauke 'ya'yan yanzu. Nonon uwarsu ya fi duk abin da za ki ba su, madarar shanu ma zawo take sa su. Ita za ki ƙosar: tuwo, ƙanzo, kan kifi, dafaffen ƙwai in da hali, ruwa kullum. Banda ƙashin kaza da aka dafa, yana tsagewa ya huda hanji. Banda abin da albasa ta yi wa yawa. Kuma kada kowa ya ba ta maganin ciwon kai na mutane don kunnen nan. Ki je asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ko asibitin dabbobi na gwamnati, ki nuna musu hotonta, su za su gaya miki yadda za a kama ta a yi mata rigakafi.

Maman Sadiƙ: Na gode Dakta. 'Ya'yan fa, sai yaushe za a iya raba su da ita? Idonsu ma bai buɗe ba.

Dakta Hauwa: To ba su kai sati biyu ba ke nan. Daga sati biyu ake fara ba su maganin tsutsar ciki. A sati shida zuwa takwas a yi musu allurar ciwon nan mai sa amai da zawon jini, yana kashe kwikwiyo da yawa. Sati takwas a yaye. Ta haukan kare sai sun yi wata uku, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara. Allurar ma ana yin ta a gida Najeriya, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos. Uwar kuma bayan yaye a yi mata aikin hana haihuwa, in ba haka ba nan da wata shida ko bakwai za ki sake samun wasu a kangon, don cikin karya wata biyu ne kacal.

Malam Isa: Na ga wasu sun yi shiru, na san abin da ke ransu maganar najasa ce. A mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne. In ya sa baki a kwano a wanke sau bakwai, bin umarnin Annabi ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ajiye shi don farauta ko kiwo ko gona ya halatta, malamai da dama sun haɗa da gadin gida in akwai buƙata. Ajiyewa haka kawai ita ce ke rage lada kullum. Shayar da shi kuwa, ai hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya ba kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa, yana cikin Buhari da Muslim. Jifan nan da yara ke yi shi ne abin da ya kamata ya dame mu.

Abdul: Ina gaida iyayena na zaure. Ni ina karatu a Ingila, kuma duk Asabar ina aikin sa-kai a wani gidan kula da karnukan da aka yasar. Da farko don in rage kaɗaici na shiga. Aikin ba wani na ado ba ne, wanke ɗakuna, kwashe kashi, wankin barguna, sai fita da su yawo. Akwai wani tsohon kare da aka tsinta ɗaure a jikin shinge, sati uku ina zama a ƙofar ɗakinsa, bayana gare shi, ban ce masa komai ba, kafin ran nan ya zo ya shinshina takalmina. Abin da suka koya min ke nan, Anti: kada ki kalle ta ido cikin ido, kada ki tunkare ta kai tsaye, ki ajiye abinci a wuri ɗaya, lokaci ɗaya, ki ja baya.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba sa ba kowa kare sai sun yi masa tambayoyi. Ina zai kwana, wa zai ciyar da shi, akwai ƙananan yara a gidan? Kuma in ka kasa riƙo, sharaɗi ne ka mayar musu. Sun daɗe a harkar, gidan Battersea na Landan tun 1860 yake. Mu ba mu saba da irin gidajen nan ba, amma tambayoyin ba sa buƙatar gini. A yi wa duk wanda ya ce yana so.

Baban Ummi: Maganar Abdul gaskiya ce. Kada a ba yaran da za su sa masa igiya a wuya su yi ta ja a layi, kwana uku su gaji. Akwai kuma masu karɓa su sayar. A san inda za a kai shi.

Alhaji Tanko: Ni ina son biyu, maza ko mata duk ɗaya, don gonata ta hanyar Shika. Sau biyu ana shigar min garken tumaki bana. Mai gadina ya iya karnuka, akwai rumfa da ruwa. Kuɗin allurar duka biyar ɗin a kaina, Dakta ki faɗi nawa ne.

Hajiya Talatu: In dai za a yi wa uwar rigakafi, kuɗin nata ni zan biya. Ku bar min wannan.

Maman Sadiƙ: Hajiya, kin sa ni hawaye. Allah ya kai ladan kabarinsa. Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Saura uku ke nan da uwar.

Malam Isa: Akwai wani ɗalibina mafarauci a Giwa, karnukansa sun fi wasu awakin ƙiba. Zan tambaye shi yau. Ranar Juma'a kuma zan yi wa 'yan islamiyya darasi a kan hadisin nan.

Dakta Hauwa: Maman Sadiƙ, kafin nan ki samu tsohon buhu da kwali a tura musu ta gefen da babu iska, sanyin dare na kashe kwikwiyo. Ranar Asabar da safe zan biyo in gan ta da idona. Ki turo min kwatancen gidan.