Wai kwal ya mutu a Najeriya?

Alhaji na Kakuri: Jiya a majalisa na ce haƙar kwal ta mutu a ƙasar nan tun da jirgin ƙasa ya koma shan dizal, yara suka yi mini ca. Mahaifina a reluwe ya yi aiki, shi ke zuba kwal a wutar jirgi, ya dawo gida baƙi ƙirin sai haƙora. Daga Inugu ake kawo shi. Yanzu wa ya san inda ake haƙa? Ya faɗa mu ji.

Maman Hanifa: Alhaji ai ga shi nan buhu-buhu a Tudun Wada, da shi nake girki.

Malam Ticha: Hajiya wannan gawayi ne, itace aka ƙona. Kwal daga ƙasa ake fasa shi kamar dutse. Alhaji yana da gaskiya a kan Inugu: a 1909 aka gano shi a yankin Udi, manyan ramukan gwamnati kuwa sun daɗe a rufe. Amma akwai Maiganga a jihar Gombe, kwal ɗinta ne ake ƙonawa a kamfanin siminti na Ashaka.

Alhaji na Kakuri: Wannan ai aikin katafila ne, Malam. Ni mutane nake nufi, masu shiga rami.

Direban tirela: Baba, da idona na gani. Ku bi hanyar Ankpa a jihar Kogi. Ban da filin manyan kamfanoni, akwai ƙananan ramuka a bayan ƙauyuka. Na kwana biyu ina jiran lodi a ɗaya. Bakin ramin bai fi ƙofar zaure ba, an tokare shi da itace. Yaro ya shiga a duƙe da diga, tocila ɗaure a goshi da roba, ya jawo buhu a bayansa. A kan buhu ake biyansu, ranar da ruwa ya cika rami ba ko sisi, sai an samu man janareta an zuƙe. Wani da muka ci tuwo tare ya yi kaki a gabana, wallahi baƙi ne. Ya ce mini sun fi tsoron damina, lokacin ƙasa ke ruftawa.

Alhaji na Kakuri: To ka ga? Wannan ba aiki ba ne, buga-buga ce. Mahaƙan zamanin da suna da albashi, suna da ƙungiya, suna da gidajen ma'aikata.

Malam Ticha: Kada mu shafa wa zamanin da zuma, Alhaji. Ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 a mahaƙar kwal ta Iva Valley da ke Inugu, a kan rikicin albashin nan da kake yabo.

Alhaji na Kakuri: Amma ai an san da su, har yau ana tunawa. Wanda rami ya danne a daji wa zai rubuta sunansa?

Direban tirela: Nan kam ba ni da ta cewa, Baba. Amma ka janye kalmar "ta mutu". Abin da ya mutu ba ya karya mini sifirin mota.

Maman Hanifa: Ni dai tambayata, zai yi girki? Buhun gawayi ya yi tsada.

Direban tirela: Hajiya ki rufa wa kanki asiri. Warin hayaƙinsa kaɗai sai ya kori maigida.

Alhaji na Kakuri: Ban janye ba tukuna. In za ka koma Ankpa ka zo mini da ɗan gutsure, in gani ko irin na Baba ne.