Neman shawara: sabis a cike yake, amma da yamma intanet ba ya motsi

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah waɗanda suka san harkar sadarwa ku taimaka min. Muna da ƙaramin ofis mai ma'aikata shida, duk aikinmu a kan intanet yake, kuma rauta mai SIM muke amfani da ita, ta 4G. Da safe komai lafiya lau. Da rana ta yi sanyi sai abin ya fara ja, kafin dare kuwa kiran bidiyo ba ya yiwuwa, hoto ya daskare, murya ta dinga kakkatsewa. Abin da ya ɗaure min kai shi ne sandunan sabis na jikin rautar duk a cike suke a lokacin. Wani ya ce in sayi busta mai ƙara ƙarfin sabis, wani ya ce in sauya layi. Ga kuma matsala ta biyu: idan aka kira ni a waya sai alamar 4G ta ɓace ta koma 3G, datar ta kusan tsayawa har sai an gama magana. Me zan yi? Ba na son in kashe kuɗi a banza.

Wani memba:

Wa alaikumus salam. Malam, sauya layi kawai ka huta. Ni abin da na yi ke nan, kuma tun daga nan ban ƙara kuka ba.

Injiniyan sadarwa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka dakata da sayen komai tukuna, musamman bustar nan.

Sandunan da kake gani ƙarfin siginar da ke isowa daga turken sadarwa kawai suke nuna maka. Ba su san mutum nawa ke kan turken tare da kai ba. A tsarin 4G, duk wayoyin da ke ƙarƙashin fuska ɗaya ta eriya rabon abu ɗaya suke yi. Idan kamfani na da faɗin megahaz 20 a zango guda, wato yankin mitar rediyo da yake watsa sigina a kai, ana yanka shi gida 100, kuma na'urar da ke gindin turken tana sake rabon gidajen nan sau dubu a kowace daƙiƙa, tana duba wa ke jira da kuma yadda siginar kowa take. Kamar famfo ɗaya ne: kana tsaye dab da shi, ruwa na zuba da ƙarfi, amma idan bokiti ɗari ke layi, abin da zai shiga naka kaɗan ne. Da yamma mutane sun tashi daga aiki, kowa ya buɗe bidiyo. Bayaninka ya yi kama da cunkoso ƙwarai, kuma busta ba ta maganin cunkoso ko kaɗan, domin abin da take ƙarawa kana da shi a cike.

Amma a tabbatar kafin a yanke hukunci. Ka shiga shafin saitin rautar, adireshinsa yana rubuce a bayanta ko ƙarƙashinta, ka nemo lambobi uku. Na farko RSRP, shi ne ainihin ƙarfin sigina: daga -90 zuwa sama yana da kyau, idan ya gangara -110 ya yi rauni. Na biyu SINR, wanda ke nuna yadda siginarka ta rinjayi hayaniyar sauran turaku: sama da 13 da kyau, idan ya kusanci sifili akwai matsala ko da RSRP ya yi kyau. Na uku lambar zangon da rautar ta kama. Ka rubuta su da sassafe, ka sake rubutawa a lokacin da abin ya fi lalacewa, ka haɗa da gwajin gudu na saukewa da na ɗorawa. Ka kawo mana mu gani.

Wata 'yar'uwa:

Injiniya ya yi bayani, Allah Ya saka da alheri. Ni dai zan ƙara abu ɗaya, saboda na ga irin wannan a wurin aikinmu kuma ashe rabin laifin a cikin ofis yake. Wayoyin ma'aikata da kwamfutoci suna ɗora hotuna da fayiloli da kansu ba tare da kowa ya sani ba, kuma hanyar ɗorawa a 4G ta fi ta saukewa ƙunci sosai. Da zarar waya ɗaya ta cika ta, kiran bidiyo na kowa ya lalace, don muryarka sai ta bi layi a bayan hotunan wani. Yayana, lokacin da za ka yi gwajin, ka cire kowa daga Wi-Fi, ka haɗa kwamfuta ɗaya da rautar ta igiyar kebul. Sannan idan rautar na da Wi-Fi na 5 gigahaz ku koma kansa, na 2.4 ya cika cakuɗuwa da na maƙwabta. Wasu rautocin ma suna da wurin da za ka ƙayyade wa kowace na'ura gudu, ko ka fifita kwamfutar da ake taro da ita.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai. Na yi yadda kuka ce, kwamfuta ɗaya kuma ta igiyar kebul. RSRP yana wajen -84 safe da yamma, bai canza ba. SINR da safe 16 ne, da yamma ya faɗi zuwa 5. Gudun saukewa da sassafe ya haura megabit 30, da yamma da ƙyar yake kai 2. Zangon kuma an rubuta B20. Hajiya, maganarki ma gaskiya ce, na tarar da wayoyi biyu suna ta ɗora hotuna, na kashe, ya ɗan sassauta amma bai warke ba.

Injiniyan sadarwa:

Madalla, yanzu magana ta fito fili. Cunkoso ne. Faɗuwar SINR da yamma ma shaida ce: turakun da ke kewaye da kai su ma sun cika a lokacin, suna watsawa babu hutu, hayaniyarsu na shiga cikin siginarka.

B20 ɗin nan shi ne inda nake ganin mafita. Zangon megahaz 800 ne. Yana tafiya nesa, yana ratsa bango, shi ya sa duk wanda ke can ƙuryar ɗaki ko nesa da turke a kansa yake ƙarewa, ga shi kuma yawanci kamfanoni ɗan siriri suke da shi a nan. Zangon 1800, wato B3, da na 2600, wato B7, sun fi faɗi a mafi yawan wurare, sai dai bango na cinye su. Mai yiwuwa rautarka tana cikin ɗaki inda waɗannan ba sa isowa da ƙarfi, sai ta sauka kan 800 tare da jama'a.

Ka fara da abin da ba ya cin ko sisi: ɗauke rautar ka kai ta bakin tagar da ke fuskantar turken, a sama, nesa da ƙarfe, ka kashe ka kunna, ka duba ko zangon ya sauya. Idan saitinta ya yarda a zaɓi zango, ka cire alamar B20 ka bar B3 da B7 tare. Kada ka kulle ta a kan guda ɗaya tak, domin idan rautar na iya haɗa zango biyu a lokaci guda, abin da waya ke nunawa da 4G+, kullewar za ta hana ta. Sanduna za su iya raguwa daga huɗu zuwa biyu, kada hakan ya tayar maka da hankali, gudun za ka duba.

Idan ka ga alamar sauƙi, a nan ne kashe kuɗi ya dace: eriyar waje mai fuskantar gefe ɗaya, mai igiya biyu, don 4G da eriya biyu yake aiki. Amfaninta biyu ne, tana jawo turkenka, tana kuma juya wa sauran baya, SINR ya tashi. Igiyar ta zama gajera iya yiwuwa, doguwa tana cinye abin da eriyar ta samo.

Bustar kuwa ina roƙonka ka bar ta. Masu arha suna mayar da hayaniya zuwa turke, su lalata wa duk unguwa sabis, kuma a ƙasashe da yawa doka ta hana kafa su ba da izini ba.

Wani memba:

To Injiniya, ai maganata ta sauya layi ba ta faɗi ba ke nan?

Injiniyan sadarwa:

Ba ta faɗi ba, Malam, sai dai a gwada kafin a saya. Sau da yawa kamfanoni suna haya a turke ɗaya, amma kowa da zangonsa da na'urorinsa, don haka ɗaya na iya cika ɗaya na da wuri. Ya ari SIM na wani kamfani ya sa a rautar nan, a wuri ɗaya, a daidai lokacin da abin ke lalacewa. Ofishin da cinsa da shansa ke kan intanet ma ya kamata ya riƙe layi biyu. Akwai kuma inda eriya ba za ta yi komai ba: idan hanyar da ta haɗa turken da cibiyar kamfani ce ta yi ƙunci, duk zangon da ka hau haka za ka gani. Wannan sai kamfanin, kuma idan za ka kai ƙorafi ka tafi da lambar turken da ke shafin rautar, da lokuta, da sakamakon gwaji. Irin wannan ƙorafin shi ke isa teburin masu tsara hanyar sadarwa.

Mai gyaran waya:

An manta da tambayarsa ta biyu. Oga, wayarka ba ta lalace ba. 4G data zalla yake ɗauka, don haka idan babu VoLTE, wato tsarin yin kiran murya a kan 4G, da kira ya shigo sai a saukar da wayar zuwa 3G ko 2G a yi maganar a can. Shiga saitin SIM ka nemi VoLTE ka kunna. Idan ya kama, kira zai tsaya a kan 4G, datarka ba za ta yanke ba, kuma muryar tana da nata kaso da aka ware mata a turke, ana gabatar da ita a kan sauran data ko da an yi cunkoso. Kiran WhatsApp ba shi da wannan gatan, a matsayin data ta yau da kullum ake ɗaukarsa, shi ya sa yake fara kakkatsewa da yamma. Idan ba ka ga maɓallin ba, ko ka kunna bai yi aiki ba, kira kamfanin layinka ka tambaya ko sun buɗe wa layinka da samfurin wayarka, wani lokaci sai an sauya tsohon SIM.