Ɗiyana na da harara-garke, ko shi ke sa shi yawan faɗuwa?

Maman Abba, Ali Ɗan Sofo:
Salama alaikum 'yan uwa. Ɗiyana shekara 3 da wata 2, idonshi na hagu na shigewa wajen hanci, tun yana da shekara 2 muka lura. Abin da ya dame ni yawan tuntuɓe, dokin ƙofa ma sai ya tsaya yana laluben shi da ƙafa, in an jefa mishi balo hannu na nan balo na can, in zai zuba ruwa a moɗa rabi a ƙasa. Uwar mijina ta ce in bari zai gyaru da kanshi, wai haka babanshi ya yi. Don Allah ido ne ko wani abu daban?

Majo Bagalam:
Wa alaikumus salam Maman Abba. Akwai alaƙa sosai. Kowane ido jijiyoyin nama 6 ke juya shi, in idanun biyu suka kalli abu guda ƙwaƙwalwa ke haɗa hotunan ta gane nisa da zurfi, wannan kuma tun yaro na wata 3 zuwa 5 yake farawa. To in ɗaya ya kauce hoto biyu ke zuwa, sai ƙwaƙwalwar yaro ta yi watsi da na karkataccen don kar ya riƙa ganin abu bibbiyu, shi ya sa auna nisa ke ba shi wuya, kama balo, sauka daga matakala, zura dutsen ado a zare. Ki rufe idonki guda ki gwada sa zare a allura za ki gane.
Maganar Inna kuwa a jinjiri take gaskiya, ido na ɗan yawo a watannin farko. Bayan wata 6 ba a jira. Idon da aka daina aiki da shi ganinshi raguwa yake, kuma bayan shekara 7 zuwa 8 dawo da shi akwai wuya. Irin wanda ke fitowa wajen shekara 2 zuwa 3 sau da yawa linet yake gyara shi, wani a riƙa liƙe mai lafiyar 'yan awoyi a rana don ragon ya yi aiki, wani sai operashon. Ki kai shi wajen lokotoron ido cikin satin nan. In kuma kin taɓa ganin fari a tsakiyar baƙin idon, ko a hoton waya, gobe ma ki tafi.

Mushe Ɗan Gulbi:
Ni a lekol nake ganinsu, a CI, wato ajin farko. Yaro ya kasa bin layi a kaye, almakashi ya gagare shi, a filin wasa ba mai ɗaukarshi cikin ekip, sai a ce mishi sakarai alhali kanshi ja yake. Wallahi yana min ciwo. Ki riƙa ba shi wasan hannu a gida, jera murafun kwalba, ɓare gujiya, dara, amma wannan ba ya maye lokotoro fa.

Hajiya ta Tibiri:
Ɗiyata tambaya guda, yaushe ya fara tafiya? Jikata bakwaini ce, tana da idon nan kuma ta wuce wata 18 ba ta taka ba, da aka duba ashe ba idon ne ya hana ta ba, duka biyun daga haihuwar ne, sai da ta yi kine, wato motsa jiki na asibiti. Ki gaya musu komi har yadda kika haihu.

Maman Abba:
Na gode Allah ya saka. Hajiya da wata 13 ya taka, kuma cikin ya cika wata tara. Majo farin nan ban taɓa gani ba, na duba hotunanshi duka yanzu. Litinin in sha Allah babanshi zai kai mu, Inna ma na ce ta raka mu ta ji da kunnenta.