Takardar borin jini da sharaɗin inshora a gyaran farce: ku ya kuka yi?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Na gama koyon gyaran farce a nan Manchesta, ina so in fara aiki a gida wata mai zuwa. Kamfanin inshorar da na tuntuɓa ya ce kafin in taɓa hannun kowace mace sai ta cika takarda, ta faɗi ko tana da borin jini, ta sa hannu, in adana. Yawancin masu zuwa 'yan uwanmu ne, ina jin nauyin miƙa wa babbar mace takarda. Idan na ɗaga wa wasu ƙafa, sannan wani abu ya faru, za a biya ni?

'Yar Zariya: Wa alaikumus salam. Mu a nan shekara takwas ina sana'ar ban san wata inshora ba. Ki shafa mata jel ɗin farcen, man da ake shafa wa farce a busar da fitila, kaɗan a bayan kunne, ki jira kwana biyu.

Anti Nas: Don Allah kada ki yi haka, ƙanwata. Wannan gwajin na rinin gashi ne. Jel ɗin farce ba a son ya taɓa fata kwata-kwata, domin sinadarin HEMA da ke cikin da yawansu shi ke tayar da borin, kuma idan jiki ya ƙi shi ya ƙi shi har abada. Ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kai tun 2018, kuma dangin HEMA ɗin ne ake amfani da su wajen cike haƙori.

Hajiyar Bamingam: Ni abin ya faɗa wa, har yau ban warke ba. 'Yar aminin maigidana ce, ana saura kwana biyar bikinta, na ji kunyar ba ta takarda. Fitilar da nake busar da jel ta araha ce da na saya a intanet, ashe sama take busarwa, ƙasan yana nan ɗanye. Washegari ta turo mini hoton yatsunta sun kumbura, bakin farcen ya yi ja yana tsattsafo da ruwa, daga baya biyu suka rabu da nama. Tambayar farko da kamfanin ya yi mini ita ce ina takardar da ta cika. Babu. Daga aljihuna na biya, uwarta kuma ko sallamata ba ta amsawa a wajen taro. Fam 45 nake ba su duk shekara, ranar da na buƙace su suka juya mini baya.

Uwar Gida: Allah ya kiyaye gaba, Hajiya, amma ni fam 110 nake biya. Anya inshorarki ta haɗa da jel?

'Yar Zariya: Anti Nas, da girmanki, ba ki taɓa riƙe burushin farce ba, aikin asibiti daban, sana'a daban.

Anti Nas: Gaskiya ne, amma hannayen da suka lalace wajenmu ake kawo su.

Baban Yara: Ni dai tun da uwargida ta koma lalle, farcenta lafiya, aljihuna ma lafiya.

Uwar Gida: Malam, in jan lalle ne na ganye babu laifi. Amma dayis ɗin da ake zana wa amare akwai sinadarin PPD a ciki, irin na baƙin rinin gashi. Ƙanwata a Kano zanen fulawar ya tashi mata ƙuraje, shatinsa ya fi wata uku a hannunta, mai ƙunshin kuma ta ce wai jininta ne ba shi da kyau.

'Yar Zariya: To mu ya za mu yi, tunda a ƙulle a leda ake sayar mana da shi a kasuwa, babu suna babu rubutu?

Maman Biyu: Na gode ƙwarai. Hajiya, da takardar tana nan, sun ce za su biya ne, ko fitilar ma za su kafa hujja da ita?