Na ji ƙulli a nonona, Umma ta ce kada a taɓa shi da allura

Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah a ɓoye sunana. Shekarata 24, ina Tudun Wada, ban yi aure ba. Tun bayan sallah nake jin wani ƙulli a nonona na hagu. Ba ya ciwo, in na taɓa sai ya zille ƙarƙashin yatsa. Umma ta ce kada in kuskura in je asibiti, wai daji ba ya son allura, har ta karɓo mini maganin shafawa. Wallahi ko barcin kirki ba na yi. Shin duk ƙulli daji ne? Ku ba ni shawara.

Anti Nas, Unguwar Rimi: Wa alaikumus salam ƙanwata, kwantar da hankalinki. Cikin ƙulli 10 da ake samu a nono, wajen 8 ba daji ba ne. A shekarunki ma, wanda ya fi yawa shi ne wanda likitoci ke kira fibroadenoma: santsi gare shi, ba ciwo, yana gudu in an taɓa, kamar dai yadda kika faɗa. Masu shekara 35 zuwa 50 sun fi samun ƙulli mai ruwa a ciki, masu shayarwa kuma nono kan toshe musu ko ya yi ƙurji. Amma fa hannu ba ya yanke hukunci, ko da na likita ne. Za a duba ki, a yi miki sikanin, tunda mamogram, wato hoton X-ray na nono, an fi yi wa waɗanda suka kai shekara 40. In da buƙata a tsakuri ɗan nama da allura a kai ɗakin gwaji. Ki je asibitin Barau Dikko cikin makon nan.

Maman Biyu: Ni ma an ciro mini irinsa kafin aurena. Ga shi na shayar da 'ya'yana lafiya lau. Je ki kawai.

Hajiya, Kawo: 'Yata, maganar allurar nan ita ta sa na kasa yin shiru. Ƙanwata ta ɓoye nata kusan shekara saboda wannan tsoron, ana shafe-shafe, har aka yi mata sakiya. Sai da fatar ta yi ramuka kamar ɓawon lemo, kan nonon ya shige ciki, hammata ta kumbura, sannan muka kai ta asibitin Shika. Allah Ya ji ƙanta. Mutane na ganin mace ta je asibiti ta rasu, sai su ce allura ce. Ba allura ba ce, an riga an makara ne tun a gida.

Anti Nas: Allah Ya gafarta mata, Hajiya. Abin da ke cin mu ke nan. Sankarar mama ita ce dajin da ya fi kama mata a Najeriya. A 2020 kaɗai an ƙiyasta sababbin masu ita sama da 28,000, kuma mafi yawansu sai a mataki na 3 ko na 4, wato bayan ciwon ya yi nisa, suke zuwa asibiti. Wadda aka gano tata da wuri kuwa, sau da yawa tana warkewa. Kuma kada rashin ciwo ya ruɗi kowa, daji ma yakan fara ba ciwo. Ƙulli mai tauri da ba ya motsi, ko jini daga kan nono, wannan ba a kwana da shi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. To Umma fa? Ba na son in saɓa mata.

Hajiya, Kawo: Kada ki yi jayayya da ita, tsoro ne irin na uwa. Ki samu wadda take jin maganarta, gwaggonki ko yayarta, ta ce mata hoto kawai za a fara ɗauka, kuma gaskiya ne. Ku tafi tare da ita da sassafe, ta ji bayanin likita da kunnenta. In kin fi son mace ta duba ki, ki faɗa tun wajen yankar kati.