Shekaruna 59, yara sun ce in huta, ni kuma hutun yana neman kwantar da ni

Kakar Amira:
Assalamu alaikum. Shekaruna 59, al'ada ta ɗauke min shekara bakwai ke nan, maigida ya rasu, bara kuma na aurar da auta. Yara, Allah ya yi musu albarka, sun ɗauko min 'yar aiki, sun ce kada in ƙara taɓa tsintsiya ko tukunya. Tunda na zauna sai gwiwa ta ƙara ciwo, tashi daga sujada sai na dafa bango, in na yi tari ko atishawa fitsari ya ɗan zubo. Abin da ya fi damuna shi ne gari ya waye ban san me zan yi da yinin ba. Masu sani, me zan gyara, kuma da me zan fara?

Nas Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan maigida. A fara da sanin halin da jiki yake ciki, don hawan jini da ciwon suga ba sa sallama. Ki je asibiti da safe kafin ki karya. Wajen awon jini ki zauna ki huta minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, kuma ban da hira. In ya kai 140/90 ko ya wuce a ranaku biyu daban-daban, hawan jini ne. Suga kuma bayan awa takwas ba ci, in ya kai 126 (wasu asibitoci 7.0 za su rubuta) har sau biyu, ciwon suga ne. In an ɗora ki a kan magani, kada ki ajiye shi don an auna an ga jini ya sauka. Maganin ne ya saukar da shi, kuma ajiyewar nan tana cikin abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki.

Abu biyu ba a jinkiri da su. Na farko jini bayan al'ada ta ɗauke da shekara guda, ko ɗigo ɗaya ne a zani. Mata kan ce al'ada ce ta dawo, alhali ba ta dawowa. Sau da yawa dalilin mai sauƙi ne, amma da haka kansar mahaifa take fara nuna kanta, kuma a wannan matakin ana maganinta. Na biyu ƙullutu a nono ko a hammata, musamman wanda ba ya ciwo. A duba ido ma duk shekara, saboda hawan jinin ido yana cin gani daga gefe ba tare da zafi ba, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa.

Sai maganin gwiwa. Don Allah ki rabu da haɗin da ake ƙulla wa tsofaffi a leda a kemis. Yawanci akwai diclofenac ko piroxicam a ciki, masu cin ciki da ƙoda, su kuma ɗaga jini. Wani lokaci har da dexamethasone, wanda zai sa ki ji garau kwana biyu, daga baya fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni. Farasitamol da man shafawa sun fi aminci kafin likita ya gan ki.

Mai Gashin Ƙashi:
Mama, yaranki ƙauna suka nufa, amma hutun nan shi ne rabin ciwon. Naman cinya ne yake riƙe gwiwa, kuma naman da ba a aiki da shi zubewa yake yi cikin 'yan makonni. Ga shi bayan ɗaukewar al'ada sinadarin da ke kare ƙashin mace ya ragu, ƙashi yana ta sirancewa ba a sani ba. Nama ba ƙarfi, ƙashi ba kauri, sai a zame a banɗaki ƙugu ya karye, tsohuwa ta kwanta kwanciyar da da wuya a tashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana son aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar. Kada ki fara da rabin awa. Ki fara da minti goma bayan asuba ko bayan la'asar, ko zagayen tsakar gida ne, duk mako ki ƙara minti biyar. Saurin da ake so shi ne wanda za ki iya amsa gaisuwa amma ba za ki iya jan karatu ba. Takalmi ya zama mai riƙe dunduniya.

Tafiya kaɗai ba ta gina cinya, sai an haɗa da wannan kwana biyu ko uku a mako. Ki samu kujera mai ƙarfi wadda tsayinta ya kai gwiwarki, ki jingine ta da bango. Ki zauna, ki tashi tsaye, ki koma a hankali kina ƙidaya uku, ba faɗawa ba. Sau goma, ki huta minti ɗaya, ki sake goma. In sai kin dafa, ki dafa. Ranar da kika tashi hannu a ƙirji, kin ci gaba. Daga zaunen kuma ki miƙe ƙafa ɗaya sambal, yatsu suna kallon sama, ki ƙidaya biyar ki sauke, goma-goma kowace ƙafa. A ƙarshe ki tsaya gefen bango ki ɗaga ƙafa ɗaya, daƙiƙa goma, a hankali har ki kai talatin. Wannan na ƙarshen shi ne maganin tangaɗi. Tsamin jikin da ya wuce kafin gobe ba komai ba ne. Amma in gwiwa ta kumbura ta yi zafi, ko ƙirji ya riƙe, ko jiri ya ɗebe ki, ki tsaya a duba ki. In akwai ƙiba, kowane kilo ɗaya da ya sauka yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku.

Batun fitsari, haihuwa da shekaru ne suka sassauta naman da ke riƙe mafitsara, kuma yana gyaruwa. Ki matse kamar mai riƙe iska da fitsari lokaci guda, ki ƙidaya biyar, ki saki ki ƙidaya biyar. Sau goma, sau uku a rana. Ki ɗaura shi da asuba, azahar da isha don kada ki manta. Inda ake kuskure: riƙe numfashi, matse cinya ko ciki a maimakon ƙasan, da yin sa ana tsakiyar fitsari. Sai an yi wata uku kafin a yanke hukunci. Kada ki rage shan ruwa don gudun zuba, zai sa fitsari ya yi kauri ya ƙara tsikarar mafitsara, bayan gida kuma ya yi tauri. In kina jin kamar wani abu yana saukowa ta gaba, likitan mata za ki gani.

Ki kuma zagaya gidan da idon mai neman abin tuntuɓe: gansakuka a makewayi, silifas ɗin da gindinsa ya cinye, bakin tabarma da ya naɗe, zani mai jan ƙasa, duhu a hanyar banɗaki. A kafa ƙarfen dafawa kusa da masai, a ajiye tocila a gefen filo. Girki da shara mai doguwar tsintsiya kuwa, ki karɓi abinki. A bar wa 'yar aiki ɗaukar ruwa da wanki.

Malamar Islamiyya:
Yaya, kada sallah ta zama abin fargaba. Manzon Allah (SAW) ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe, hadisin yana cikin Bukhari. Sai dai abin da kika iya ba ya faɗuwa. In tsayuwa ba ta gagare ki ba, sujada ce matsalar, ki yi kabbara da karatu da ruku'u a tsaye, ki zauna a kujera ki yi nuni da sujada ƙasa da yadda kika yi ruku'u. Fitsarin da sai an yi tari yake zuba yana karya alwala, sai a sa ƙyalle a canza a sake alwala. Wanda yake zuba rabin lokaci ko fiye, a mazhabar Malikiyya ba ya karyawa, an dai so a sabunta.

Tambayarki ta ƙarshe ita ce babba a wurina. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da ta tashi kai ilimi ga matan ƙauyuka, dattijai ta zaɓa. Ta naɗa su jaji, ta ba su malfa, su ne suke jagorantar 'Yan Taru zuwa wurinta su ɗauki karatu su koma su koyar. Mace mai shekarunki ta sauke raino, tana da sararin fita, ana kuma jin maganarta. Wannan matsayi ne, kuma gidaje da yawa yau suna neman mai riƙe shi.

Abin da ke cika yini shi ne aiki mai ƙayyadadden lokaci da mutanen da za su tambaya in ba su gan ki ba. Karatu ke kaɗai a ɗaki bai cika wuce mako biyu ba. Ki shiga ajin matan aure na unguwa, ko da kin fi malamar shekaru. In hadda kike so, aya uku a rana ta isa: ki maimaita sau ashirin bayan asuba, ki yi nafila da su, ranar Alhamis ki ba wata ta saurare ki. Izu biyun ƙarshe ayoyi ne sama da 560, a haka wata shida da 'yan kwanaki kin haɗa su. Sannan ki ba da abin da ke hannunki. Akwai amaren da ba su san yadda ake kula da mai jego ba, da yaran maƙwabta da ba mai duba musu allo.

Uwar Adashe:
Wasu za su ce a kawo mata jika ya ɗebe mata kewa. Ni ban yarda a mayar da shi magani ba. Jika daɗi ne, amma goyon yaro mai kilo goma sha biyu a bayan mai ciwon gwiwa wahala ce, kuma yakan hana ta zuwa ko'ina. A yanka ranaku, kowa ya sani.

Hajiya, ki riƙe kuɗinki a hannunki. Tumunin da kika gada da duk abin da yara ke turowa su shiga asusu mai sunanki, lambar sirrin kati kuma kada ki ba kowa, ko wanda kike aike. Ki kama sana'ar da ba ta karya baya: turaren wuta, yaji, daddawa, ko tumaki biyu da za a sayar kafin layya. Jari a gwangwani ɗaya, riba a wani, zubin adashe daga riba kaɗai. Abin da ke kashe sana'ar tsohuwa bashin cikin gida ne, suruka ta ɗauka, jika ya ɗauka, kunya ta hana tambaya. Ki ajiye littafi ki rubuta a gaban mai ɗauka.

Kakar Amira:
Allah ya saka da alheri. Na manta ban faɗa ba, barci ba ya zuwa sai wajen ƙarfe ɗaya, abinci kuma koko da burodi sun ishe ni har azahar.

Nas Mai Ritaya:
Koko da burodi ba za su gina cinyar da ake so ki gina ba, Hajiya. Kowane cin abinci ya zama da mai gina jiki a ciki: ƙwai ko ƙosai ko alale da safe, wake ko awara da rana, kifi ko nama da dare. Don ƙashi kuma kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi, da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu, tare da minti goma sha biyar zuwa ashirin a hantsi, hannu da ƙafa a buɗe a tsakar gida. Gishiri kada ya wuce ƙaramin cokalin shayi ɗaya a yini, kuma dunƙulen miya da kanwa suna cikin lissafin. Ki ƙara daddawa ki rage su. In gwaji ya nuna ƙoda ta taɓu, likita ne zai tsara miki abincin.

Barci kuwa, goro da shayi su tsaya daga la'asar, ƙailula kada ta wuce rabin awa, waya ta kwana nesa da gado, ki riƙa tashi lokaci ɗaya kullum ko daren bai yi daɗi ba. Kada ki karɓi ƙwayar barci a kemis, tana kawo jiri da faɗuwa cikin dare. In kuma aka yi mako biyu zuciya a cunkushe, abin da kike so da ya fita ranki, abinci ba ya shiga, hawaye na zuwa ba dalili, ki faɗa wa likitan da bakinki ranar da kika je awon jinin. Ciwon damuwa ne, yana yawan biyo bayan rashin miji, kuma yana da magani.